Ƙafar Hagun Kuluwa

Jiya da dare mafarki ya zo mini, ni da na yi shekaru ina barci kamar an jefa dutse a rijiya. Kafin in faɗi abin da na gani, bari in faɗi abin da na kwanta da shi, don mafarki baƙo ne da ba ya zuwa da guzuri. Abin da ya tarar a gida, da shi yake girki.

Sunana Ilu, amma tun da na sa kaki ba wanda ya ƙara kirana haka. Har matata Saje take ce mini. Na ƙare aikin soja a makarantar horar da kurata, ina koya wa 'ya'yan mutane tafiya. A kawo mini su da tafiyarsu ta gida, in kwance ta, in ɗaura musu ta gwamnati. Sunan aikin da Turanci insitirakta, kuma na riƙe sunan nan da daraja fiye da igiyoyin da ke hannun rigata. Dokar fareti ta farko, wadda ko daga barci aka tashe ni zan faɗa, ita ce ƙafar hagu ke fara fita.

Matata Kuluwa ta samu shanyewar ɓarin jiki farkon damina, ɓarin hagu. Hannun ya ɗan dawo, ƙafar tana ja. A fili tana takawa da sanda. Sai dai ɗakinta, wanda ni na sa aka ɗaga daɓensa saboda ruwa na shiga, yana da matakala ɗaya a ƙofa, tsayin bulo. Tun da aka sallamo ta daga asibiti ba ta shiga ɗakin ba. A ɗakin baƙi take kwana, ni a tabarma a bakin ƙofa, kuma ta rantse ba za a shigar da ita ɗakinta a hannu kamar buhun gero ba. Ranar sallama wata yarinya mai gasa mata ƙafa ta fara yi mini bayanin hawa matakala, na ce ta huta, tafiya aikina ne. Kullum da safe ina tsayar da Kuluwa gaban matakalar, in koma gefe, hannu a baya, in ba da umarni. Ta dubi ƙafar, ta dube ni, mu koma mu zauna.

Shekaranjiya 'yarmu Safara'u ta bugo waya daga Kaduna.

"Baba, ba raina ƙoƙarinka na yi ba," in ji ta. "Amma in har Juma'a Inna ba ta shiga ɗakinta ba, zan zo in tafi da ita. Gidana ba hawa ba sauka."

Na ajiye wayar. Na san irin wannan tafiyar. Ana cewa sai ta ji sauƙi, sai a ga shekara ta zagayo, sai a ga an aiko ɗaukar sauran kayanta. Tsoro nake ji, kuma da shi na kwanta.

Na tsinci kaina a wani gari da rana tsaka, sanye da kakina na da. Ya yi mini daidai, abin da ya isa ya nuna mini mafarki ne, amma ban lura ba. Ana ruwa. Ruwan daga ƙasa yake tsattsafowa, ya tashi sama ɗigo-ɗigo, ya taru can ya zama hadari. Mutanen garin suna tafe da lema a juye, sun riƙe ta wajen gwiwa. Mata sun rataye bokitai a kife jikin rassan itatuwa suna tarar ruwa. Ba wanda ya yi mamaki, ni ma ban yi ba.

Can nesa a bakin gari na hango motar Safara'u tana tahowa da baya, a hankali. Na tambayi wani mutum mai tallan inuwa a faranti ko ya san motar.

"Juma'a ce," ya ce. "Kullum da baya take zuwa, don kada ta ga fuskar wanda za ta raba da abinsa. Za ka sayi inuwa?"

Na ce ina da tawa.

Sai ga ni a ofis. Wata tsohuwar akuya ja ce a bayan tebur, da tabarau a kan hanci. Babu takarda ko ɗaya a ofishin, an cinye su tun zamanin wadda ta gada. Na ƙame na sara mata.

"Saje Ilu mai ritaya," ta ce tana tuƙa. "Neman ƙafa ka zo."

"Ta hagu, ranki ya daɗe."

"Tana wajenmu. Ba kama ta muka yi ba, da kanta ta zo."

"A taimaka a ba ni ita kafin Juma'a ta iso."

"Ba ma ba da ƙafa sai da yardar wanda ka yi aiki da sunansa. Kalmar nan ta Turawa da ka ci abinci da ita har ka tsufa, ka taɓa zuwa ka gaishe ta?"

Na ce ban san tana da gida ba.

"Kowace kalma tana da gida. Kalmarka wani tsoho ne a bayan kasuwa. Ya daɗe yana cigiyarka."

Ban ga lokacin da na fita ba. Na dai gan ni a wata rumfa, mutane zaune a kan benci rigunansu a buɗe, kowa da 'yar ƙofar katako a ƙirjinsa. Gefe ga kwaɓaɓɓiyar ƙasa da tarin tubali. Tsohon yana zaune a tsakiya. Bakinsa ya cinye rabin fuskarsa, hannayensa kuwa ƙanana ne kamar na jinjirin da ba a yi suna ba. Na gaishe shi, ya amsa da Hausar da ta fi tawa kyau.

"Ka zo," ya ce. "Zauna in gama da wannan."

Wani saurayi ne a gabansa, an ce ɗinki yake koyo. Tsohon ya buɗe ƙofar ƙirjin, ya rungumi tubali da ƙyar, ya sunkuya ya shige ciki. Na leƙa. Jeri ɗaya ya ɗora, ya shafe da ƙasa, ya fito ya zauna. Na ce masa ai bai gama ba. Ya ce sai ya sha iska, ba a ɗora jeri a kan ɗanyen jeri.

Daga nan ya ba ni tarihinsa, ba tare da na tambaya ba, kamar yadda tsofaffi suka saba.

"A ƙasar Rum aka haife ni, a bakin mutanen da harshensu ya mutu ya bar 'ya'ya. Magini ne ni tun asali. Ma'anar sunana ke nan, gini a ciki, jeri a kan jeri. Sojojin ƙasar suka ga na iya jera tubali, suka ce in jera musu mutane. Na jera. Masu sabon gida suka ce in shirya musu kayan ɗaki, na shirya. Da na haye teku zuwa Ingila aka ba ni yara aka ce in yi gini a cikinsu. Duk a ayyukana shi na fi so. Sai manya suka lura in na yi magana ana yi. Alƙalai suka ɗauke ni, masu ofis suka ɗauke ni, ku ma sojoji kuka ɗauke ni. Tun daga nan bakina ke girma, hannuna ke komawa ciki."

Na tuna wani kyaftin ya taɓa gaya mana makamancin haka a kwas, bayan cin abincin rana, ina gyangyaɗi.

"Ni ma na yi gini," na ce, don ban ji daɗin yadda yake dubana ba. "Kurata nawa suka fita daga hannuna suna tafiya kamar mutum ɗaya."

"Ka yi, ban raina ba. Ɗanyar ƙasa aka riƙa kawo maka, mai karɓar kowane hannu. Amma gidan da ya tsufa ya tsage, ba a tsayawa waje a daka masa tsawa. Shiga ake yi a duba wane bango ne ya rage yana riƙe da rufin, a jingina aikin da shi." Ya goge 'yan hannayensa a jikin riga. "Je ka kira ƙafar. In ta amsa maka, ka tafi da ita."

Filin fareti ne, ya fi duk wanda na taɓa takawa faɗi. Ƙafafun hagu ne a jere sahu-sahu, ba masu su, iyakar ganin ido. Akwai na manoma masu faso, akwai na 'yan boko da safa. Manyan awaki suna zaune a rumfa suna jira. Ban sha wahalar gane ta Kuluwa ba. Tana sahun baya, da tabon man gyaɗa a idon sawu, wanda ta samu tun muna bariki tana tuyar ƙosai, da sauran lallen da aka sa mata na bikin Safara'u, wanda a farke ya goge da daɗewa.

Na koma gefe, na sa hannu a baya, na cika ƙirji, na kira hagu irin na fareti.

"Lef."

Filin ya girgiza. Duk ƙafafun suka fita taku ɗaya, ƙura ba ta tashi ba saboda ruwan. Ta Kuluwa ba ta motsa ba. Na sake kira, suka sake takawa, har suka yi nisa suka bar ta ita kaɗai a tsakiyar fili. Na lura duk kiran da na yi, tubali ɗaya na ɓullowa daga ƙasa, ya bi ruwa ya tashi, ya nufi wajen gidana. Awakin suka tafa mini da kofato. Motar Safara'u ta wuce kasuwa.

Sai ga ni a tsakar gidana. Matakalar ɗakin Kuluwa ta zama katanga, tsayin ganuwa, ƙofar ɗakin tana can sama kamar tagar bene. Kuluwa na zaune a gindin katangar a kan kujera 'yar tsugunno, tana tsintar wake. Ƙafa ɗaya ce a jikinta, ta dama.

"Sannu da aiki, Saje," ta ce. "Duk wannan kai ka gina. Kullum da safe kana ƙara mini."

"Hajiya, na ga ƙafarki. Na kira ta, ta ƙi."

"Ba ƙi ta yi ba, tsoronka take ji. Ita ba kurtu ba ce. Duk barikin da aka kai ka ta bi ka, ka taɓa ce mata ta biyo?"

Ƙafar dama ta yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ni fa lafiyata ƙalau. Tun da aka sallamo mu nake jira a kira ni. In na hau, zan jawo 'yar'uwata. Tare muka tashi, ta san takuna."

"Ba a farawa da dama," na ce. "Doka ce."

"Dokar wa?" in ji Kuluwa, ba ta ɗago daga waken ba.

Na laluba ko'ina a kaina ban samu mai dokar ba. Wanda ya koya mini ya mutu, wanda ya koya masa ya koma ƙasarsu tun kafin a haife ni. Na ce to, bari in kira ta dama. Na buɗe baki, na saita harshe, na yi niyya da zuciya ɗaya. Abin da ya fito shi ne "Lef." Wani tubalin ya tashi ya hau kan katangar. Na sake gwadawa, haka. Hali zanen dutse, in ji mutane, ni kuwa nawa da guduma aka zana shi.

Juma'a ta iso. Motar ta shigo ta bangon gidan da baya, ba ta fasa komai ba. Safara'u ta fito ta durƙusa ta gaishe ni. Ba fushi a fuskarta, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ta buɗe wata babbar jaka ta fara haɗa kayan uwarta. Ta sa tukwane da tabarmar salla. Ta kamo ƙamshin daddawar da ke fita daga madafa ta ninke shi kamar zane. Ta ɗauko tarin da Kuluwa ke yi da asuba, wanda da shi nake sanin lokaci, ta sa. Ta ɗauko "Saje, ruwa ya yi zafi" daga bakin ƙofar banɗaki ta kaɗe shi ta sa. Gidan ya riƙa yin shiru ɗaki bayan ɗaki.

"Baba, saura na nan," ta ce, ta nuna ƙirjina.

Na duba, ashe ni ma da 'yar ƙofar. Tsohon magini ya ɓullo daga bayan randa ya tura ta, muka shiga mu uku, har da ni.

Cikina filin fareti ne. An share shi tas, an jera duwatsu an shafa musu farar ƙasa. Ba itace, ba wurin zama. Na ji kunyar baƙi su ga haka. Amma can a kusurwa akwai wani ɗan ɗakin ƙasa mai gajeriyar ƙofa, ginin hannu, ba layi ba ma'auni.

"Wannan aikin ya yi kyau," in ji tsohon yana shafa bangon. "Irin nawa ne na da. Wa ya yi?"

Na sani. Na leƙa ciki na ga abin da ke ajiye. Ga yadda ake tallafe wuyan jariri. Ga cin abinci a zaune tare da mutane, ni da na saba ci a tsaye ina duba agogo. Ga yadda ake zaman makoki a yi shiru ba tare da an ƙame ba. Ga tsiren da nake sayowa in na ɓata mata rai, tun da bakina bai iya ba da haƙuri ba, da yadda take karɓa ta ce an gode, ta bar maganar a nan. Na nemi ranar da Kuluwa ta ce mini yi kaza, ban samu ba. Yi take yi a gabana, ta bar shi ya sha iska, wata shekarar ta ƙara jeri.

Safara'u ta kama kusurwar ɗakin za ta ninke.

"Na Inna ne, Baba. Da shi za mu tafi."

Na dubi filin da za a bar ni da shi, da duwatsunsa farare. Na yi kuka. Hawayen suka bi ruwan garin suka tashi sama, don haka ba wanda ya ga sun zubo, amma na yi.

Akuyar ofis tana tsaye a kan rufin ɗakin, ban san lokacin da ta hau ba.

"Akwai musaya," ta ce. "Ba kowa muke gaya wa ba."

Tsohon ya miƙo mini 'yan hannayensa. "Bar bakin, ka ɗauki waɗannan."

Na cire bakina kamar yadda na cire bel ranar da na yi ritaya, na miƙa da hannu biyu. Akuyar ta shinshina shi ta kau da kai, ta ce ya yi tauri. Tsohon ya ɗaura mini hannayen a kan nawa. Ba su da ƙarfin ɗaga ko buta. Na so in tambaya me za a yi da irin waɗannan, ba bakin tambaya.

"Ba na ɗagawa ba ne," in ji shi. "Na zama kusa ne. Je ka tsaya a bayanta."

Muna gindin katangar. Kuluwa ta ajiye tiren wake ta miƙe da sandarta. Na tsaya a bayanta, wurin da ban taɓa tsayawa ba, don mai ba da umarni a gefe yake tsayawa inda zai ga sahu. Daga nan na ga abin da take gani kullum da safe. Na ga tsayin abin, na ga nisan ƙasa in mutum ya faɗi, na ga ba kowa a bayansa.  Injin motar yana aiki, Safara'u tana riƙe da ƙofa a buɗe.

Kuluwa ta ɗaga sandar ta ƙwanƙwasa katangar. Ƙwas. Tubali ɗaya ya saki ya bi ruwa sama. Ta sake. Ƙwas. Wani ya tafi. Ƙwas.

Na buɗe ido. Gari ya fara haske, na makara sallar asuba, abin da ban saba ba. Ina kan tabarmata a ƙofar ɗakin baƙi, gadon ba kowa. Yayyafi ake yi, daga sama yake saukowa. Ƙarar ba ta tsaya ba. Ƙwas.

Kuluwa ce a gaban matakalar, ita kaɗai, mayafinta ya jiƙe. Tana taɓa bakin simintin da sandarta tana neman inda za ta kafa ta. Ban san ko safiya nawa ta yi tana wannan kafin in tashi ba. Matakalar tana nan yadda take, tsayin bulo. Ta kafa sandar, ta jingina kafaɗa da bango, ta fara ɗaga ƙafar dama.

Na ji kalmar ta taso mini daga ciki, ta cika ƙirji, ta iso maƙogwaro, tana neman hanya kamar kullum. Na cije leɓe har na ji gishirin jini. Na tashi ba takalmi, na taka a hankali na tsaya a bayanta, hannuwana biyu kusa da ƙugunta, ban taɓa ta ba.

Ba ta waiwayo ba.

"Saje," ta ce, "kai ne ka yi shiru haka?"

Na gyaɗa kai, ko da yake ba ta ganina.

"To, ci gaba."

Ta ɗora ta dama a kan matakalar, ta tsaya tana numfashi. Ta hagu tana ƙasa tana rawa, idona yana kan tabon man gyaɗan nan. Ba wanda ya kira ta. Ta ja jiki, ta goge bakin simintin, ta bi 'yar'uwarta.